Shekarun ƙoshi da shekarun fari: darasi daga korar ma'aikata a kamfanonin fasaha



Bayan sallar Isha'i wani matashi ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Shekara biyu ke nan yana koyon haɗa manhajar kwamfuta, burinsa ya samu aiki a manyan kamfanonin Amurka. Ya ce: "Malam, kamfanin da ke cin ribar biliyoyin daloli, me zai sa ya kori mutum dubu goma a rana ɗaya? In can ma babu tabbas, to ina ake da shi?" Na ga tambayar ta wuce amsar tsaye, shi ya sa na kawo ta nan.

Ga abin da ya faru. A Nuwamban 2022 kamfanin Meta, mai Facebook ɗin nan da muke kai, ya sallami ma'aikata 11,000, ya ƙara 10,000 a Maris 2023. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. Da Elon Musk ya sayi Twitter ya rage kusan rabin ma'aikata, har da na ofishin Accra a Ghana.

Me ya jawo? Lokacin Korona mutane na kulle a gida, ciniki da karatu da taro duk sun koma intanet. Kamfanonin suka ɗauka haka za a dawwama, suka yi ta ɗibar ma'aikata. Meta kaɗai ya tashi daga kusan mutum 45,000 a ƙarshen 2019 zuwa 87,000 a 2022. Da aka buɗe gari kasuwa ta ja baya, har Mark Zuckerberg da bakinsa ya amsa cewa ya yi kuskuren lissafi.

Sai kuma riba, wato kuɗin ruwa. A shekarun nan bashi ya yi arha a Amurka, kuɗin ruwa kusan sifili. Daga Maris 2022 babban bankinsu ya yi ta ɗaga shi har ya haura kashi 5 cikin 100. Nan take masu hannun jari suka matsa a rage kashe kuɗi, kuma abin da ya fi saurin yankewa shi ne albashi. Sau da yawa ana sanar da kora sai farashin hannun jarin ya tashi. Subhanallah! Magidanci na tunanin kuɗin haya, kasuwa na murna. Shugabanni suka yi kuskure, talakan ma'aikaci ya biya.

'Yan uwa, ku koma Suratu Yusuf. Annabi Yusuf (AS) ya fassara mafarkin sarki da shekaru bakwai na yalwa, bakwai na fari a bayansu, ya kuma ba da shawarar a adana hatsi a zangarniyarsa, a ci kaɗan. Kamfanonin nan sun ga yalwa sun manta fari na tafe. Mu fa? Albashi na shigowa mun canza waya, mun ci bashi a kan na watan gobe.

Don haka na ce wa ƙanen nawa: ci gaba da karatunka, ilimi ne mai amfani. Amma kada ka rataya zuciyarka ga kamfani. Sababi ne kawai, Mai azurtawa Allah ne. Ran da kake samu ka yi tanadi, ka riƙe wata sana'ar hannu, ka nisanci bashin ruwa. Tawakkali da tanadi tare suke tafiya.

Kai kuma Alhaji mai shago ko makaranta, kada ka ce wannan labarin Turawa ne. In dole ta sa ka rage ma'aikata, ka sanar da su da wuri, ka biya su haƙƙinsu cif, ka fara rage naka jin daɗin kafin ka taɓa abincin wani. Annabi (SAW) ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki ya hana shi ladansa.

In kuma ka san wanda ya rasa aiki, kira shi yau, ka tambayi halin gidansa.

Allah Ya buɗa wa masu nema, Ya azurta mu da halal. Amin.