Riba ko Amana?

'Yan'uwa, bari mu yi tunani a kan wannan: idan kamfani ya yarda ya yi hasara domin ya tsare ran mutane, wauta ya yi?

A shekarar 1982, a Shikago ta Amurka, mutum 7 suka mutu bayan sun sha maganin Tylenol, gama wani mugu ya sa guba a ciki. Laifin ba na kamfanin Johnson & Johnson ba ne. Duk da haka shugabansa, James Burke, ya sa aka janye kwalabe wajen miliyan 31 daga kasuwa, hasarar kuwa ta kai kamar dala miliyan 100. Ashe tun 1943 kamfanin ya rubuta ka'idarsa, cewa masu amfani da kayansa su ne gaba, masu hannun jari a ƙarshe. Waɗansu suka ce sunan maganin ya mutu ke nan. Amma cikin shekara guda yawancin masu saye suka komo.

To, da ba su komo ba fa? Mu dai mun ce da ya yi daidai duk da haka. Riba takan bi amana, amma wanda ya riƙe amana domin riba kaɗai, ran da ribar ta ƙare zai sake ta.