Jinsin Kaya Tsakanin Littafin Kwastan da Littafin Fiƙihu

Malaman usulu, wato masu nazarin tushen hukunce-hukuncen shari'a, sun haɗu a kan cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san ko mene ne shi, kuma wannan sani ba ya cika sai an sanya abin a cikin jinsinsa, wato rukunin abubuwan da suka yi tarayya da shi a siffar da hukuncin ya rataya a kanta. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida akwai wata tsohuwar tambaya da masana manɗiƙi suka daɗe suna ja-in-ja a kanta: shin jinsi yana cikin abu ne tun asali, mutum ya zo ya tarar da shi, ko kuwa mutum ne yake yanka rukunai gwargwadon bukatarsa, sa'an nan ya zuba abubuwa a ciki? A aji tambayar tana kama da wasan ƙwaƙwalwa, amma a teburin kwastan kuɗi take ci.

Misali mai kyau shi ne na'urar zuba sabulun ruwa wadda ba a taɓa ta da hannu, irin wadda ta yawaita a ƙofofin bankuna da asibitoci bayan cutar korona ta shigo Ghana a watan Maris na 2020. Bokitin wanke hannu mai famfo, wanda masaniyar kimiyya 'yar Ghana Veronica Bekoe ta ƙirƙira kuma ake kiransa da sunanta, ba ya wahalar da kowa, domin roba ce da kan famfo. Ita kuwa na'urar abubuwa huɗu ne a jiki ɗaya: mazubi na roba, da ƙaramin famfo mai tura ruwa, da ɗan inji mai aiki da batir, da wani ido na lantarki da ke gane kusantowar hannu. Ɗan kasuwar Bimbilla ko Yendi da ya yi odar irinta, kafin kayansa su fita daga tashar jiragen ruwa ta Tema su kama hanyar gabas da ta ratsa Nkwanta da Bimbilla da Yendi har Bawku, dole ne a ba ta lamba. Lambar daga kundin rarraba kayayyaki take, wanda Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Brussels take kula da shi, ya fara aiki a 1988, ya kasa kayan ciniki zuwa rukunai sama da 5,000, kowanne da lamba mai alƙaluma shida. Babi na 39 na kayan roba ne, lamba 8413 ta famfunan ruwa ce, 8424 ta na'urorin fesa ruwa ko watsa shi, 8509 kuma ta kayan aikin gida masu injin lantarki a jikinsu, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hujjar da zai ce na'urar tasa ce. Bambancin ba na takarda kaɗai ba ne, domin kuɗin fito na bai ɗaya na ƙasashen ECOWAS, wanda Ghana ta fara aiki da shi a 2016, hawa biyar ne: sifili, da kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari, inda injunan sana'a da ɗanyen kaya suke ƙasa, kayan amfani da aka gama haɗawa suke sama.

Kundin yana da ƙa'idoji shida na fassara, kuma ta uku ce ta fi jan hankalin mai nazari. Ta ce idan kaya ya dace da rukuni biyu ko fiye, a fifita rukunin da ya fi keɓance shi da bayani. Idan hakan bai raba gardama ba, a nemi sashen da ya ba kayan ainihin ɗabi'arsa. Idan shi ma ya gagara, a ɗauki rukunin da lambarsa ta zo a ƙarshe. Mataki na biyu magana ce ta masu ganin cewa abu yana da haƙiƙa a cikinsa wadda hankali zai iya ganowa. Na uku kuwa amincewa ce a fili cewa wani lokaci babu wata haƙiƙar da za ta yanke, sai dai a yi yarjejeniya don aiki ya tafi. Masu tsara kundin ba su zaɓi ɓangare ɗaya na tsohuwar muhawarar ba, sun jera su biyun ne bi da bi, kuma wannan ya fi gaskiya a kan da'awar cewa kowace lamba daga jikin kayan aka karanto ta.

Mutanen yankin Bimbilla da Yendi ba baƙin kuɗin fito ba ne. Ayarin fatake da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro daga kasuwar Salaga, sun saba biyan sarakunan hanya da masu fiton koguna, kuma daidaita wannan biya yana cikin manyan ayyukan madugu. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa zuwa Kete-Krachi da sauran zangunan, sai yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1899 ta mai da kogin Daka iyaka, Salaga ta faɗa hannun Ingilishi, Bimbilla da Yendi suka faɗa hannun Jamusawa, hanya guda ta zama ƙarƙashin hukumomi biyu masu karɓar haraji.

A fiƙihu, abin da ake karɓa daga 'yan kasuwa a kan hanya ba bisa haƙƙi ba shi ake kira makasu, kuma hadisai sun yi kakkausan gargaɗi ga mai karɓarsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa haraje-harajen da sarakunan ƙasar Hausa suka ɗora wa talakawa a cikin alamomin mulkin zalunci. Amma kuma littattafan sun tabbatar da ushira a kan kayan fatauci tun zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, kuma Abu Yusuf ya yi bayaninta a Kitabul Kharaj: kashi biyu da rabi cikin ɗari daga Musulmi, wanda zakkarsa ce, kashi biyar daga waɗanda ke zaune bisa amana, kashi goma daga fataken ƙasashen waje. Abin da ya fi dacewa da wannan bahasi shi ne ruwayar Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ta nuna cewa Umar yana karɓar rabin ushira kawai daga fataken Nabaɗawa a kan alkama da mai, domin yana son a yawaita kawo su Madina, amma yana karɓar cikakkiyar ushira a kan dangin wake. Ke nan rarraba kaya hawa-hawa saboda maslahar gari ba baƙon abu ba ne a Musulunci, kuma iyakar da aka shata tsakanin alkama da wake ba daga ƙwayar aka ciro ta ba, daga bukatar mutanen Madina aka ciro ta.

Haka abin yake a babin zakkar amfanin gona. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan zango, tana haɗa alkama da sha'ir a matsayin jinsi ɗaya wajen cika nisabi, wato mafi ƙarancin abin da zakka ke wajaba a kansa, amma ta ware shinkafa da gero da dawa kowanne da kansa. Mashahurin ra'ayin Malikiyya ya taƙaita zakkar noma a kan nau'i ashirin, kuma doya ba ta ciki, alhali doya ita ce dukiyar ƙasar Nanumba, ita ake lodawa a manyan motoci daga Bimbilla zuwa Accra da Kumasi. Imamu Abu Hanifa kuwa ya wajabta ushira a kan kusan duk abin da ake noma ƙasa dominsa. Malamin da manomin doya ya zo wa da tambaya yana tsaye ne a wurin da jami'in kwastan yake tsaye a gaban na'urar sabulu: jerin sunaye da aka rubuta a wani zamani da wata ƙasa, ga kuma sabon abu da marubutan jerin ba su sa shi a lissafi ba. Wannan aiki shi ake kira tahƙiƙul manaɗi, wato tabbatar da cewa dalilin hukunci ya samu a cikin wannan abu na musamman, kuma Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 1388, ya bayyana a Muwafaƙat cewa wannan nau'in ijtihadi ba zai yanke ba muddin ana raye ana ɗauke da nauyin shari'a.

Daga nan wasu suke zamewa su ce tunda rukunan yarjejeniya ce ta mutane, babu laifi ɗan kasuwa ya rubuta duk lambar da ta fi sauƙin kuɗi. Wannan hujja ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Rukuni yarjejeniya ce, amma siffar kaya ba yarjejeniya ba ce: ko dai akwai inji a cikin na'urar ko babu, ko tana fesawa ko tana ɗigowa. Wanda ya bayyana kayansa yadda suke, sa'an nan ya kawo hujja cewa rukuni mai sauƙin kuɗi ne ya fi dacewa da su, yana jayayya ce ta halal a wurin da masana kansu suke saɓani. Wanda kuwa ya rubuta robar zuba sabulu, ya yi shiru a kan inji da ido saboda ya san ambatonsu zai canza lamba, ya ɓoye gaskiya ne, kuma hukuncinsa hukuncin mai algus a ciniki, ko da wanda aka yi wa algus ɗin hukuma ce ba mutum ɗaya ba.

Nauyin da ke kan jami'i ya fi wannan girma, domin shi ne shubuhar take hannunsa. Malamai irin su Gazali da Shaɗibi, da suka halatta wa shugaba ɗora haraji idan baitulmali ya gaza ga bukatar jama'a, sun gindaya sharaɗin adalci da tsayawa gwargwadon bukata, kuma adalci a nan ba ya tabbata sai kaya iri ɗaya sun sami lamba ɗaya, ko a Tema aka shigo da su ko ta Kulungugu kusa da Bawku ko ta Tatale a gabashin Yendi, ko mai kayan babban kamfani ne ko ƙaramin ɗan tireda. Idan lambar tana hawa ga wanda bai san kowa ba, tana sauka ga wanda ya miƙa na goro, to abin da aka karɓa ya koma makasu ko da an ba da rasit. Saboda toshe wannan ƙofa ne dokar kwastan ta Ghana ta 2015 ta ba mai shigo da kaya damar neman hukuncin rarrabawa a rubuce tun kafin kayansa su iso, kuma saboda sababbin abubuwa ba sa ƙarewa ne ake sake bitar kundin duniya kusan duk shekara biyar, kamar yadda bugun 2022 ya buɗe lambobi na musamman ga jirage marasa matuƙi da wayoyin hannu na zamani, waɗanda kafin nan ake cusa su a rukunan da aka tsara tun ba a san su ba.