Ko Akwai Lada Cikin Ziyarar Urushalima?

Masu bi da yawa daga ikkilisiyoyin Nijeriya sun je Urushalima, sun komo da ruwan Urdun cikin kwalba, waɗansu har sun ƙara haruffa biyu a bayan sunansu domin a san sun je. Maƙwabtanmu Musulmi suna da hajji, farilla ne ga wanda ya sami iko. Ba abin mamaki ba ne fa dattijon ikkilisiya ya ce, “Mu fa? In na sayar da shanun nomana na tafi, zan ƙara kusa da Allah?” Wajibi ne mu amsa masa da gaskiya, gama abincin iyalinsa ne a kan ma'auni.

Bari mu fara daga rijiyar Yakubu, wadda ta ke nan har yau a Nablus, a gindin Dutsen Gerizim. A bakinta ne Basamariya ta kawo wa Ubangiji tsohuwar gardama, wato a kan wane dutse ya kamata a yi sujada (Yohanna 4). Ya nuna mata cewa zamanin ɗaure sujada ga wani wuri ya zo ƙarshe, sujada ta ruhu da ta gaskiya Uba ya ke nema. Cikin wasiƙun manzanni duka kuwa ba inda aka umurci mai bi ya ziyarci Golgota ko kabarin.

Ku lura kuma, Romawa sun rushe birnin a shekara ta 70, daga baya Sarki Hadiriyan ya gina wani a bisa kufansa. Sai wajen 326 Helena, uwar Sarki Kustantin, ta je neman wuraren, aka keɓe majami'ar kabarin a 335, kimanin shekara 300 bayan gicciyewa. A 1867 aka tono wani kabari a arewacin Ƙofar Dimashƙu, Janar Gordon kuma ya sa wurin ya yi suna a 1883. Lambu ne mai daɗin addu'a, amma masana sun ce kabarin ya girmi zamanin Yesu da ɗaruruwan shekaru, alhali kuwa Bishara ta ce sabo ne. Tsohuwar majami'ar ta fi hujja. Amma ɗarikoki 6 su ke rabon ta, kowa yana tsaron nasa lungu, har wani tsani ya daɗe a ƙarƙashin taga tun ƙarni na 18 don ba mai ikon kawar da shi sai da yardar sauran. Mabuɗin ƙofar ma a hannun gidajen Musulmi biyu ya ke. Abin kunya ne a gare mu, ba kuwa za mu ɓoye shi ba. Kusa da kabari bai taɓa koya wa kowa ƙauna ba.

Duk da haka kada mu rena tafiyar. Jerom ya zauna a Baitalami daga 386 har mutuwarsa a 420, a can ya juya yawancin Littafi Mai Tsarki zuwa Latin. Ya koyar cewa hanyar sama a buɗe ta ke daga Birtaniya kamar daga Urushalima, amma shi ne kuma ya ce wanda ya ga Yahudiya da idonsa zai fi gane Nassi. Mu da mu ke aikin fassara mun yarda da shi a kan duka biyun. Luka 10 ya ce mutumin ya gangara daga Urushalima zuwa Yariko. Tafiyar kamar kilomita 27 ce, gangaren ya kai mita 1,000, cikin hamada da kwazazzabai inda mafasa su kan ɓuya. Wanda ya bi ta ba zai ƙara saurin zagin firist da Balawe ba, gama ya san tsoron da ya sa suka ratse, ya kuma san abin da tsayawa ta ci wa Basamariye. A Kaisariya kuma, a 1961, an sami dutse mai sunan Bilatus. Bangaskiyarmu a ƙasa ta faru, gaban masu mulki da aka san sunansu.

To, ga amsarmu ga dattijon: kada ya sayar da shanun. Gwauruwar da ba ta taɓa wuce kasuwar garinsu ba, ba ta rasa kome na alheri ba. Wanda ya ke da hali, ba bashi, ba a rage kuɗin makarantar yara ba, hanya kuma lafiya, ya tafi da Littafinsa a hannu kamar almajiri.

Saura maganar kwalba. Na'aman ya yi wanka sau bakwai a Urdun ya warke, ya kuma roƙi ƙasa kayan alfadari biyu ya kai Suriya (2 Sarakuna 5). Elisha bai tsauta masa ba, ya sallame shi lafiya. Sabon tuba ne, bai riga ya san Allah yana Dimashƙu ba. Ku ajiye kwalbar don tunawa in kuna so. Amma ran da yaro ya kwanta da zazzaɓi, aka ɗauko ta a madadin addu'a da magani, ta zama laya, sai mai gida ya zubar da ruwan a gindin bishiya.