Kuɗin Kallo da Hakkin Wanda Ake Kallo

 

'Yan uwa Musulmi, nasiharmu ta wannan Juma'a a kan wani abu ce da yawancinmu ke ɗauka nishaɗi kawai. Akwai abin da Turawa ke kira sarkas: ƙaton tanti ake kafawa, a shigo da giwaye da zakuna da 'yan alkafura, jama'a su biya kuɗi su kalla. Yaranmu suna ganinsa a waya, giwa ta tsaya da ƙafa biyu, damisa ta tsallake zoben wuta, su yi ta dariya. Mu ma mukan leƙa. Abin da ba ma tambaya shi ne, da me aka koya wa dabbar nan wannan?

Giwa a daji ba ta tsayuwa a kan kanta. Tun tana ƙarama ake raba ta da uwarta, a ɗaure ta da igiyoyi, a riƙa zungurinta da sanda mai ƙugiyar ƙarfe a wuraren da fatarta ba ta da kauri, kamar bayan kunne, har ta gane cewa ƙin bin umarni azaba ce. Sauran rayuwarta kuma tsakanin sarƙa da taragon jirgi ko bayan mota. A 1916, a jihar Tenesi ta Amurka, wata giwa da ake kira Mary ta kashe wani sabon ma'aikaci da aka ɗora a kanta. Masu wasan suka kai ta garin Erwin, suka rataye ta da injin ɗaga kaya na tashar jirgin ƙasa, jama'a sun yi cincirindo suna kallo. Sarƙar farko ta tsinke, ta faɗo da ranta, aka kawo wadda ta fi kauri aka sake. Kada wani ya ce ai da ne. A 1994, a birnin Honolulu, wata giwa 'yar asalin Afirka mai suna Tyke ta kashe mai horar da ita a gaban 'yan kallo, ta fita titi a guje, 'yan sanda suka yi mata harbi fiye da 80 kafin ta faɗi.

To, wanda ya saba da wulaƙanta dabba don kuɗin ƙofa, ɗan Adam ma ba zai tsira a hannunsa ba. P. T. Barnum, wanda sunansa ya fi na kowa fice a wannan sana'a, ya fara ne a 1835 da wata tsohuwar baiwa, makauniya, mai suna Joice Heth. Ya yi ta yawo da ita gari gari yana cewa shekarunta 161, wai ita ta yi renon George Washington. Da ta rasu a 1836 bai ƙyale ta ba, sai da aka feɗe gawarta a bainar jama'a, masu shiga kallo suna biya. Sarah Baartman kuwa, daga Afirka ta Kudu aka kai ta Landan a 1810 ana nuna surar jikinta, ta rasu a Faris a 1815, kuma sai a 2002 aka mayar da abin da ya rage na gawarta gida aka binne.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na wasu 'yan uwa biyu, George da Willie Muse, baƙar fata ne amma zabiya, daga jihar Bajiniya. Suna yara suka faɗa hannun masu wasa, aka canza musu suna, aka riƙa tallarsu wai jakadu ne daga duniyar Mars. Shekara da shekaru suna tara wa wasu dukiya ba a biyan su, an kuma ce musu mahaifiyarsu ta mutu. A 1927 wasan ya sauka a garin Roanoke, uwar ta kutsa cikin tantin ta gane 'ya'yanta, sannan aka shiga kotu neman hakkin guminsu. Duk wanda ya karanta Bukhari zai tuna mutum uku da Allah Ya ce Shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama. Biyu daga cikinsu ga su nan: wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, da wanda ya sa ma'aikaci aiki ya hana shi ladansa. Suratul Isra'i ta gaya mana Allah Ya karrama ɗan Adam, Suratul Hujurati ta hana izgili. Zabiya, wada, mai ƙusumbi, duk Wanda Ya yi mu Shi Ya yi su.

Game da dabbobi kuwa, hadisai ba su bar mana mafaka ba. Mun san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Abu Dawuda ya ruwaito raƙumin da ya ga Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye, Annabi ya nemi mai shi ya tsoratar da shi Allah, domin raƙumin ya kai ƙarar yunwa da yawan aiki. Abdullahi ɗan Umar kuma ya tarar da samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka gan shi suka watse, ya shaida musu cewa Annabi ya la'anci mai yin haka. Ku lura, samarin nan wasa suke yi. Wasan bai zama uzuri ba.

Wasu ƙasashe sun fara farkawa. Bolibiya ta hana sa dabbobi a sarkas a 2009, Ingila ta yi dokar hana namun daji a 2019, kamfanin Ringling da ya gaji sunan Barnum ya daina wasa da giwaye a 2016. Ba tausayin masu kamfani ne ya kawo wannan ba. Jama'a ne suka yi ta ƙorafi.

Sai mu dawo gida, don kada mu yi ta nuna Turawa da yatsa. Gardawa masu wasa da kura da gwaggon biri da mesa namu ne, daga Arewa suke gangarowa har nan Kudu, kuma a unguwanninmu suke sauka. Kura dabbar dare ce, ga ta an sa mata takunkumi da sarƙa ana jan ta a kan kwalta da tsakar rana. Wani lokaci har ƙaramar yarinya ake ɗorawa a bayanta don a nuna ƙarfin maganin da ake sayarwa. Wani zai ce, Malam, gado ne, kuma abinci suke nema. Mun ji, kuma ba muna cewa a kore su ko a ci mutuncinsu ba, baƙinmu ne. Amma yarinyar nan ba a tambaye ta ba, kuma lokacin da take kan kura sa'o'inta suna makaranta. Naira ɗari biyun da muke jefawa cikin da'irar ita ce ke sa gobe a koma daji a kamo wata.

Saboda haka muna roƙon iyaye, in sun zo kada a ba yara kuɗin zuwa kallo, a kuma gaya musu dalili. Mai son taimakon gardi ya kira shi gefe, ya ba shi abinci, ya yi masa maganar wata sana'a. A kara da kasuwar kayan gwari ba a rasa inda ake neman hannu. Masu masauki kuma, Alhazanmu, idan ayari ya sauka a wurinku da ƙananan yara, ku tambayi 'ya'yan wa ne, kuma iyayensu sun san inda suke? In amsar ba ta gamsar ba, a sanar da Liman ko Sarkin Hausawa kafin ayarin ya tashi.