Ladan Ma'aikaci: Wanne Ne Gaba, Adalci ko Kwaɗaitarwa?

Wata ran Lahadi, bayan an tashi daga sujada, wani dattijon ekklisiyarmu ya tsai da ni a bakin ƙofa. Yana da gidan burodi, da ma'aikata tara. Ya ce mini, "Pasto, babban mai gashina ya bar ni. Shekara shida muna tare, ban taɓa riƙe masa ko kwabo ba. Na ɗauki sabon yaro, na yanka masa albashi fiye da nasa kaɗan, gama yanzu ba a samun mutum a tsohon kuɗi. Da ya ji haka sai ya ajiye aiki. To, ina laifina?" Na ce masa, "Baba, ba ni kwana kaɗan in yi tunani."

Tambayar dattijon nan ba ƙarama ba ce. Ita ce ta ke damun manyan kamfanonin duniya masu ma'aikata dubbai. Mai ba da aiki yana neman abu biyu wurin biyan lada. Yana so a ce ya yi adalci, yana kuma so kuɗin ya sa ma'aikaci ya ƙara himma. Waɗansu suna tsammani abu biyun nan ɗaya ne. Waɗansu kuwa sun ce abokan gaba ne, sai ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya. Ni a ganina adalci shi ne harsashi, kwaɗaitarwa kuwa gini ne da a ke ɗorawa bisansa. Wanda ya fara da ginin, zai rushe masa. Bari mu duba abin da ya faru da waɗanda suka gwada.

A shekara ta 1913 Henry Ford, mai ƙera motoci kusa da birnin Detroit a Amurka, ya kafa sabuwar hanyar aiki. Maimakon ma'aikata su kewaye mota suna haɗa ta, sai motar ta riƙa tafiya bisa layi, kowane mutum yana tsaye wuri ɗaya, yana ɗaura abu guda tun safe har yamma. Motoci suka yawaita, amma mutane suka ƙi zama. A cikin wannan shekara sai da kamfanin ya ɗauki mutum fiye da 50,000 domin ya cika gurbin mutum kamar 14,000. Wannan ya shigo yau, wancan ya fita gobe, kowane sabo kuma sai an koya masa aiki daga fari.

Ran 5 ga Janairu 1914 Ford ya yi shela cewa ladan yini zai tashi daga dala 2.34 zuwa dala 5, aikin yini kuma zai sauka daga awa 9 zuwa awa 8. Washegari mutane dubbai suka taru a ƙofar ma'aikatar suna neman aiki. A 1913, a kan kowane gurbi 100, an yi canjin mutane sau 370. A 1915 abin ya sauka zuwa 16. Fashin aiki ya ragu ƙwarai, ribar kamfanin kuma ta ƙaru. Ashe ƙaramin albashin nan na dā ba araha ba ne, tsada ce a ɓoye. Mutanenmu sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Mutumin da hankalinsa ke kan abincin 'ya'yansa na dare, rabinsa kaɗai ya zo wurin aiki.

Amma labarin yana da wani gefe. Dala biyar ɗin nan ba dukanta ce albashi ba. Wajen rabinta an kira shi rabon riba, kuma da sharaɗi. Ford ya kafa masu bincike waɗanda su kan shiga gidan ma'aikaci su duba tsabtarsa, su tambayi ko yana shan barasa, ko yana ajiye kuɗi, ko yana zaune lafiya da matarsa. Wanda bai ci gwajin ba a kan riƙe rabonsa har ya gyara. Mata kuwa, in ba masu ciyad da iyali ba, ba a sa su ciki ba sai a 1916. Na sani waɗansunmu za su ce, ai abu mai kyau ne a hana mutum sha da almubazzaranci. Lalle hali nagari abin so ne. Amma mai ba da aiki ya sayi aikin hannun mutum ne na awa takwas, bai sayi gidansa da lamirinsa ba. Hakkin da mutum ya riga ya yi gumi dominsa ba kyauta ba ce da za a ba shi in ya yi ladabi. Bayan 'yan shekaru kamfanin da kansa ya bar wannan bincike.

Yaya fa kamfanoni masu tsari su ke yanke albashi? Su kan auna shi da ma'auni uku.

Na farko, bukatar rai. Albashin nan zai ciyad da mutum da iyalinsa, ya biya haya, da magani, da makarantar yara? Gwamnatoci su kan kafa iyakar da ba za a sauka ƙasa da ita ba. A Nijeriya an sa naira 18,000 a wata a 2011, aka mai da ita 30,000 a 2019, sa'an nan 70,000 a 2024. Sai dai dokar 2019 ba ta kama wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Watau mai gidan burodi, da mai shago, da mai ɗaukar 'yan ƙwadago a gona, ba mai tsare su sai lamirinsu.

Na biyu, nauyin aiki in an gwada shi da sauran ayyukan gidan. Kamfani ya kan ɗauki kowane aiki ya yi masa tambaya huɗu. Wane irin sani ya ke bukata? Wace irin wahala ke cikinsa? Wane alhaki ke wuyan mai yinsa? A wane irin wuri a ke yinsa, cikin zafi ne ko cikin hatsari? Sa'an nan a ba kowace amsa maki, a tara, a jera ayyukan mataki mataki kamar tsani. Aikin a ke aunawa, ba a duban wanda ke yinsa, ko namiji ne ko mace, ko ɗan'uwan maigida ne ko baƙo. Tun 1951 ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta kafa yarjejeniya cewa aikin da darajarsa ɗaya ce, ladansa ɗaya ne ga namiji da mace.

Na uku, kasuwa. A kan bincika nawa sauran kamfanoni ke biya a kan irin wannan aiki, domin kada mutanenka su gudu zuwa maƙwabci.

Wahalar ita ce ma'aunin nan uku ba kullum su ke yarda da juna ba. Nan dattijonmu ya yi tuntuɓe. Ya bi kasuwa wurin sabon yaro, ya manta da tsanin gidansa. Tsohon mai gashi bai rasa kwabo ba, amma albashin yaron ya faɗa masa wata magana, cewa shekarunsa shida ba su da daraja. Ido ba mudu ba, ya san kima.

Masana sun gwada wannan. A 2008 wata jarida a jihar Kalifoniya ta Amurka ta bayyana albashin ma'aikatan gwamnatin jihar, har da na jami'arta. Waɗansu masu bincike suka sanad da wani sashen ma'aikatan jami'ar inda za su ga albashin abokan aikinsu, daga baya suka yi musu tambayoyi. Waɗanda suka ga suna ƙasa da tsakiyar tsaransu, ransu ya ɓaci, da yawa suka fara tunanin neman wani aiki. Waɗanda suka ga suna sama kuwa, murnarsu ba ta ƙaru ba. Ka lura da wannan, mai karatu. Bambancin da ba shi da dalili ya kan ɓata ran na ƙasa, ba ya ƙara wa na sama kome. Hasara ce zalla.

Wani zai tuna mini da misalin ma'aikatan gonar inabi cikin Matta sura 20, inda aka biya na safe da na yamma daidai, maigida kuma ya tsauta wa masu gunaguni. Misalin nan yana koya mana alherin Allah ne, wanda ba a samunsa ta wurin yawan aiki. Ba a ba mu shi domin ya zama tsarin biyan leburori ba. Ko cikinsa ma, maigidan ya ƙara wa na baya ne daga aljihunsa, bai rage wa kowa abin da suka shirya ba. Kada mai rowa ya fake da shi.

Yanzu sai maganar kwaɗaitarwa. Kamfanoni su kan biya bisa ga yawan abin da mutum ya yi, ko su ba da kamasho, ko tukwici a ƙarshen shekara. Wannan ba laifi ba ne. Mai himma da rago su karɓi lada ɗaya har abada, shi ma rashin adalci ne. Amma akwai tarko a ciki. Abin da ka sa wa lada, shi za a kawo maka, ko da ba shi ka ke nufi ba.

Ga misali. Bankin Wells Fargo na Amurka ya ɗora wa ma'aikatansa adadin sababbin asusu da za su buɗe wa mutane. Wanda ya cika ya sami tukwici, wanda ya kasa yana cikin tsoron kora. Adadin ya fi ƙarfin mai gaskiya. Sai ma'aikata suka shiga buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba. A watan Satumba 2016 abin ya tonu. Aka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka kuma ji cewa ya kori ma'aikata wajen 5,300 saboda wannan. A 2017 bankin ya ce asusun da a ke shakkarsu sun kai miliyan 3.5. Waɗanda suka yi ƙaryar suna da laifinsu. Amma wanda ya tsara lada ta yadda mai gaskiya zai kwana da yunwa, maƙaryaci kuma ya ƙoshi, ya haƙa wa ɗan'uwansa rami. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, wanda ya miƙa mabuɗin kuma ba zai ce hannunsa da tsabta ba.

Ga kuma wani misali dabam. Kamfanin Lincoln Electric a birnin Cleveland, mai ƙera injunan walda, ya shahara da biyan ma'aikata bisa ga yawan abin da suka ƙera. Amma ya kewaye tsarin da shinge. Abin da mutum ya ƙera da aibu, shi zai gyara ba tare da ƙarin lada ba, saboda haka gaggawa ba ta cinye kyau. Ba a rage farashin aiki don kawai wani ya yi ƙwazo ya sami kuɗi da yawa, sai in hanyar yin aikin ce ta sake. A 1934 suka fara raba wa ma'aikata wani kashi na ribar shekara, a kan kuma duba haɗin kan mutum da amincinsa wurin rabon, ba yawan aikinsa kaɗai ba. A 1958 suka yi wa waɗanda suka daɗe alkawari ba za a sallame su don kasuwa ta faɗi ba. Kwaɗaitarwa ce a nan, kwaɗaitarwa ce a bankin can. Bambancin shi ne, a nan ma'aikaci ya san ƙasar da ya taka ba za ta zame ba.

Na san abin da mai ƙaramin jari zai ce: "Ni ba Ford ba ne, ribata kaɗan ce." Gaskiya ne, ba a tambayar mutum abin da ba shi da shi. Amma rabin adalci ba ya cin kuɗi. Ka faɗa wa ma'aikaci ladansa tun kafin ya sa hannu a aiki. Ka biya a ranar da ka ambata. Shari'ar Musa ta umarta a biya matalaucin ɗan ƙwadago kafin rana ta faɗi, gama jinkirin da ba kome ba ne a gare ka, a gare shi kwanan yunwa ne. Ka sa ƙa'ida ɗaya wadda za ka iya faɗinta a gaban dukansu ba kunya. In kuwa akwai albashin da ka ke tsoron sauran su ji, ka tambayi kanka dalili.

Abin da na faɗa wa dattijon ke nan da muka sake haɗuwa. Na ce, "Baba, ba ka yi sata ba, amma ka auna mutum biyu da mudu biyu. Ka rubuta ayyukan gidanka, ka jera su bisa ga nauyinsu, ka sa ƙari domin shekarun da mutum ya yi. Ran da kasuwa ta tilasta ka ka ɗaga na sabo, ka ɗaga na tsoho tare, ko da kaɗan kaɗan ne, ka kuwa gaya masa da bakinka. In za ka ba da tukwici, kada ka sa shi a kan yawan burodi kaɗai, domin kada su cika tanda su kawo maka ɗanye." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai tafi gidan mutumin da kansa. Ko zai komo, wannan tsakaninsu ne.

'Yan'uwa, kada mu karanta wannan muna duban masu kamfani kaɗai. Da yawa cikinmu muna da mai aikin gida, ko yaron shago, ko masu noma mana da damina. Ekklisiya ma tana da mai gadi, da malaman makaranta, da masu bishara a ƙauyuka, waɗansu kuwa su kan yi watanni ba su ga albashi ba, a ce musu ladansu yana sama. Ladan sama na Allah ne, shi zai bayar. Na ƙasa kuwa a wuyanmu ya ke. A taron dattawa mai zuwa, bari wani ya buɗe littafin kuɗi ya tambaya, nawa mu ke biyan kowa, bisa ga wace ƙa'ida, yaushe kuma muka biya na ƙarshe.