Sa Mai Tunkuyi da Robar Tukunyar Gahawa

A gidaje da yawa a Turai da Amurka, aikin farko na safe shi ne kunna na'urar dafa gahawa. Ruwa yakan yi zafi har ya kusa tafasa, ya bi ta bututun roba, ya zubo a kan garin gahawa da ke cikin kwandon roba, ya tsiyaye cikin tulu. Haka ake yi kowace rana, shekara da shekaru. Tambayar da masu shan gahawa suka daɗe suna yi ita ce: ban da gahawa, me kuma ruwan zafin nan yake ɗaukowa a hanyarsa?

Sinadarin da aka fi zargi shi ne bisfenol A, wanda ake taƙaitawa BPA. Wani masani ɗan Rasha, Aleksandr Dianin, shi ya fara haɗa shi a 1891. A shekarun 1930 Charles Dodds a Ingila ya gano cewa yana kwaikwayon aikin sinadarin da ke tafiyar da al'amuran haihuwa a jikin mace. Duk da haka, daga shekarun 1950 aka shiga ƙera wata roba mai ƙarfi da haske kamar gilashi da shi, wato polikabonet, aka yi kwalaben shayar da jarirai da gorunan ruwa da kayan kicin. A 1998 wata mai bincike, Patricia Hunt, a Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka, ta ga ƙwayayen haihuwa na ɓerayen gwajinta sun fara lalacewa. Da aka bi sawu, ashe an wanke kejinansu na roba da sabulu mai kaifi ne, robar ta zaizaye, sinadarin ya fito. Zafi ma haka yake yi wa irin wannan roba, tsufa da karce kuma suna ƙara masa gudu.

A nan batun ya bar hannun masana ya shiga hannun lamiri. Dokar Musa, a Fitowa sura 21, ta bambanta tsakanin masu shanu biyu. Wanda sansa ya tunkuyi mutum ba zato, an kashe san amma shi an sake shi. Wanda kuwa aka riga aka gargaɗe shi cewa sansa ya saba tunkuyi, bai tsare shi ba, alhakin jinin yana wuyansa. San ɗaya ne, raunin ɗaya ne. Sani ne ya raba hukuncin. Wanda ya ƙera kwalbar jariri kafin a yi gargaɗi yana da abin faɗa. Wanda ya ci gaba bayan gargaɗi, domin sauya kayan aiki zai rage masa riba, ya koma sahun mai sa na biyu.

Sai dai gargaɗin bai zo da murya ɗaya ba, wannan kuwa shi ne wuyar sha'anin. Kanada ta sanar da hana kwalaben jarirai masu BPA a 2008, Tarayyar Turai ta hana a 2011, Amurka ta cire izininsu a 2012, ko da yake hukumarta ta abinci da magunguna ta ci gaba da cewa ɗan abin da ke shiga abinci bai kai ya cutar ba. Hukumar lafiyar abinci ta Turai kuwa, a 2023, ta rage adadin da take ganin jiki zai iya ɗauka kowace rana har sau 20,000, kuma a Disamba 2024 Tarayyar ta zartar da hana shi a kayan da ke taɓa abinci. To, idan masana sun rabu, mai sana'a ya jira har su daidaita? Mai gaskiya ba ya jira, muddin akwai abin da zai maye gurbi kuma wanda zai sha wahalar kuskuren ɗan wani ne. Masu ƙera na'urar AeroPress, wadda ta fito a 2005 da polikabonet, sun bar wannan roba a 2009, daga baya suka koma ga polifirofilin, mai lamba 5 a gindin kaya. Wasu kamfanoni kuma suka musanya BPA da ɗan'uwansa BPS, suka manna takardar cewa kayansu ba su da BPA. Maganar ba ƙarya ba ce, amma an yi ta ne domin mai saye ya fahimci abin da ba a faɗa ba, kuma shaidar zur tana da irin wannan ƙanwa.

Iyalan masu bi a Legas ko Ibadan ba lalle su mallaki na'urar gahawa ba, amma ruwan zafi da roba suna haɗuwa a gidajensu kullum: koko mai tururi a leda, shayi a kofin roba da ya dushe, alale da aka dafa a leda ko a tsohon gwangwanin madara. Leda ba ta da BPA, sai dai ba don tukunya aka yi ta ba, kuma zafin da ke narkar da ita bai yi wa na tafasasshen ruwa nisa ba. Gwangwani kuwa sau da yawa ana shafe cikinsa da wani fenti da ake yi da BPA ɗin. Jihar Legas ta hana farin mazubin abinci na soso a Janairu 2024, galibi saboda toshe magudanan ruwa.

Ba daidai ba ne a ɗora wa mai koko a bakin titi nauyin da ya kamaci kamfani da hukuma. Ribarta ba ta kai ta sayi kwanonin ƙarfe ba, kuma ba wanda ya taɓa yi mata bayani. Amma kwamitin da ke shirya abincin taron ikilisiya, mai ma'aji da kasafin kuɗi da ma'aikatan jinya a cikinsa, ba ya cikin halinta. Shi yana iya sayen kofunan ƙarfe sau ɗaya a yi ta wankewa, ya sa a naɗe alale a ganye kamar yadda matan Yarbawa suke yi tun kafin zuwan leda, ya kuma ce mai kawo kokon yara ta zo da shi a tukunya, a biya ta kuɗin ɗauko shi.