Goro Ko Toshiyar Baki?

A ƙasar Hausa ba a zuwa gaban babba hannu rabbana. Baƙo yakan zo da tsaraba, ɗan aike yakan sami tukuici, mai neman aure kuma yakan kai goro. Al'ada ce mai kyau, gama tana ƙulla zumunci. Amma akwai wani mugun abu da ya ari rigar goro ya sa. Direba yakan tsaya a shingen hanya ya miƙa jika ɗaya, ya ce na goro ne. Ɗan kwangila yakan kai ambulan gidan darekta da dare, ya ce gaisuwa ce. To, a ina kyauta ta ƙare, a ina kuma toshiyar baki ta fara? In ta fara, laifin wa ne, wa ke ɗaukar hasararta?

Rarrabe su ba shi da wuya ga mai son gaskiya. Sai ya yi tambaya uku. Za a iya ba da abin nan a gaban jama'a ba tare da jin kunya ba? Da mutumin ba ya kan kujerar nan, za a ba shi? In an hana shi, zai yi aikin yadda doka ta ce? Idan amsa ta zama a'a, to, an bar kyauta an shiga ciniki, abin da ake sayarwa kuwa amanar jama'a ce. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai karɓa ya riga ya zama bawan wanda ya ba shi.

Dalili na fari da akan kawo shi ne talauci, akwai kuwa gaskiya a ciki. A Nijar, farashin uraniyum ya faɗi tun farkon shekarun 1980, baitulmali ya rame. A cikin shekarun 1990 ma'aikatan gwamnati sun yi wata da watanni ba albashi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. Malamin makaranta ko jandarma da iyalinsa suka kwana da yunwa yana cikin gwaji mai tsanani, wanda bai taɓa shiga irinsa ba kada ya yi saurin yanke masa hukunci. Duk da haka talauci bai isa ya bayyana kome ba, gama waɗanda suka fi kowa ɗiba ba mayunwata ba ne.

Dalili na biyu nauyin dangi ne. Ranar da aka naɗa mutum babban muƙami, ƙauyensu duka an naɗa. Wannan yana son kuɗin magani, wancan kuɗin makaranta, wani kuma a sama wa ɗansa aiki. In ya tsaya a kan albashinsa sai a ce marowaci ne, ya manta da asalinsa. In ya bar kujera bai gina gida ba sai a ce wawa ne. Da haka waɗanda suke zagin ɓarayin gwamnati da safe su ne suke tura ɗan'uwansu sata da maraice.

Na uku, yawancin mutane suna ɗaukar dukiyar gwamnati kamar ba ta da mai ita. Da yake kuɗi masu yawa daga ma'adinai da taimakon ƙasashen waje suke fitowa, talaka ba ya jin an taɓa aljihunsa. Mutumin da ba zai ɗauki damin geron maƙwabcinsa ba yakan kwashe siminti na gina makaranta hankalinsa kwance. Na huɗu kuwa rashin hukunci. An kafa hukumar HALCIA a 2011 domin yaƙi da cin hanci, a 2023 aka maye gurbinta da COLDEFF. Sunan hukuma yakan sāke, amma muddin ana ganin ɓarawon akuya a kurkuku, mai babbar riga kuwa yana yawonsa, ƙaramin ma'aikaci zai koyi darasin da idonsa ya gani.

Yanzu sai a duba hasarar. A ɗauki misalin albasar Galmi, wadda ake lodawa a manyan motoci zuwa kasuwannin Gana da Kodebuwa. Duk abin da direba ya bayar a shinge, ɗan kasuwa ba zai biya daga aljihunsa ba. Zai rage kuɗin da yake ba manomi a bakin gona, ya kuma ƙara wa mai saye a kasuwa. In an tsare mota cikin zafin rana ana jayayya, albasa ta ruɓe, hasarar a kan manomin za ta koma. Wannan haraji ne da ba majalisar da ta sa shi, ba ya gina hanya ko rijiya, ya fi kuma danne mai ƙaramin ƙarfi.

Babbar sata kuwa takan cinye gobe. A 2006 bincike ya gano an yi sama da faɗi da kimanin sefa miliyar 4 a ma'aikatar ilimin firamare ta Nijar, abin da aka sani da shari'ar MEBA. An tsare tsofaffin ministoci biyu, batun kuma ya kai ga majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin Firaminista Hama Amadu a watan Mayu na 2007. Kuɗin littattafai ne da kayan makaranta. Yaron da ya zauna a bukkar zana ba littafi a shekarun nan, ba wata kotu da za ta mayar masa da ƙuruciyarsa. A watan Disamba na 2019 aka kashe sojoji 71 a Inates, a Janairu na 2020 kuma 89 a Shinagodar. A cikin shekarar ta 2020 rahoton bincike a ma'aikatar tsaro ya nuna hasarar kimanin miliyar 76 ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Gwaurayen da aka bari da marayu suna da ikon su tambaya inda kuɗin ya tafi.

Akwai kuma hasarar da ba ta ƙirguwa. In kwangila ta zama ta mai ba da kaso, maginin kirki sai ya fita daga sana'a, hanya kuma ta farfashe a damina ta fari. In takardar shaida ta zama ta sayarwa, yaro mai ƙwazo sai ya daina ƙoƙari. In shari'a ta zama ta mai kuɗi, jama'a sukan nemi kowace irin mafita. Littafin Sama'ila na Fari ya ba da labarin yadda 'ya'yan Sama'ila suka karɓi hanci a kujerar alƙalanci, har Isra'ilawa suka ce sai a naɗa musu sarki, ko da yake an gargaɗe su a kan nauyin da zai ɗora musu. A Afrilu na 1974, sa'ad da soja suka hamɓarar da Diori Hamani, zargin karkatar da abincin agaji a lokacin fari yana cikin abin da ya sa mutane da yawa ba su yi baƙin ciki ba.

Mai bayarwa fa? An ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma adalci ya wajabta a bambanta. Matar da aka ƙi duba ɗanta mai zazzaɓi sai ta miƙa wani abu, ƙwace aka yi mata, alhakin yana wuyan wanda ya karɓa. Attajirin da ya biya domin a ba shi filin maraya, ko uban da ya biya domin a ba ɗansa gurbin wani, abokin sata ne. Kada ya fake da cewa kowa ma yana yi.

Sa'ad da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma, bai umarce su su bar aikinsu ba. Ya nemi su tsaya ga abin da aka ƙayyade, su bar zalunci, su dogara ga albashinsu. Zakka ma da ya tuba bai tsaya ga hawaye ba, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Saboda haka mai bi da ke riƙe da hatimi ko sikeli yana da wurin shaida a bakin aikinsa, tubarsa kuma sai da ramuwa.

Wannan hanya tana da tsada. Mai ƙin karɓa yana iya rasa ƙarin girma, ko a tura shi ƙauye mai nisa. Shi ya sa nauyin yake kan ikkilisiya duka. Dangi su rage roƙon da ya fi ƙarfin albashin ɗan'uwansu. Dattawa su karanta lissafin baiko a fili, su kuma daina ajiye kujerar gaba domin wanda kowa ya san inda dukiyarsa ta fito. Ma'aikacin da ya yi ritaya yana gidan haya saboda ya tsare amana, a girmama shi a gaban yara, a taimake shi ran da ya rasa. Yaran suna kallo, abin da suka ga an ɗaukaka shi za su bi.